Yaɗon Da Ya Shaƙe Itatuwan Hobart

Mis Delphia ta ɗaga almakashin lambu ta nuna shingen maƙwabciyarta kamar mai nuna ɓarawo a kasuwa.

"Ga uwar annobar can! Ke Ozella, sau nawa zan gaya miki ƙamshi ba hankali ba ne?"

"To sannu, farfesa," in ji Ozella daga baranda. "Ki kai tsuntsaye ƙara mana, su ke kashin irin a gonarki."

A kan mai-zuma ake wannan faɗa, yaɗon nan da aka kwaso daga Japan, mai farin furen da yara ke tsotsa. Duk tsaunukan Kentucky ba wanda ya kai ni saninsa, abin da na tsotsa ina yaro zai cika tanki. Daɗi a hanci, mugunta a ƙasa. Ya samu ƙaramin itace sai ya naɗe shi kamar maciji, itacen na kauri shi yana nutsewa cikin jikinsa, har ya kashe shi.

Ita Delphia sau ɗaya ta je taron masu lambu a birni, ta dawo ta fi malaman sani. Ta tumɓuke nata kaf, ta sayo wani irinsa ɗan ƙasa mai jan fure, wanda ba ya kisa, ba ya kuma ƙamshin uban komai. Ta bi gida-gida tana wa'azi har mutane suka koma leƙenta ta labule.

Sai dai gangaren da ke bayan lambunta ya ƙi jin wa'azi. Can mijinta Hobart yake kwance, kuma kafin ya mutu shi da hannunsa ya dasa layin 'yan itatuwa miƙaƙƙu, ya ce su yi wa kabarinsa inuwa. Itatuwan nan su ne mai-zuma ya sa a gaba.

Ana haka Allah ya kawo Arvil, wani dattijon gwauro daga ƙetaren tsauni, mai ladabi kamar an jiƙa shi. Hula a hannu ya zo.

"Mis Delphia, gwiwar nan taki ba ta gangare ba ce. Bar mini can."

Ta bar masa. Yakan sauka ya daɗe yana tsugunne a gindin itatuwan, ya hauro ya share tukunyar wake da burodin masara.

"Wancan kada a taɓa shi tukuna, in an fizge yaɗon ɓawo zai biyo," in ji shi.

Bayan wani lokaci kuma: "Wancan ya tafi, sai haƙuri." Ya yanke shi daga tushe a hankali, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya sa a bayan mota. Ya ce can nesa zai ƙona shi, wai kada iri ya watsu.

"Kin ga mutum, Ozella?" in ji Delphia tana share hawaye. "Gawar itace ma sai ya yi mata sutura."

"Ni abin da ke ba ni mamaki, yaɗon naki akwai zaɓe. Ga karkatattun itatuwa can birjik, ko kallonsu ba ya yi."

"Baƙin ciki zai kashe ki!"

Ran Lahadi, Ozella na coci, Delphia ta feshe mata shinge da guba kakaf, shingen da uwar Ozella ta dasa. Zumuncin da ya girmi 'ya'yansu ya bushe tare da shi. Ko gaisuwa.

Yaɗo kuwa bai fasa ba. Ɗaya bayan ɗaya bargon Arvil ya kwashe layin, har Hobart ya koma kwance a tsakar rana. Daga nan Arvil ma ƙafarsa ta ɗauke. Delphia ta ce ai tausayi ne ya hana shi ganin wurin.

Da kaka, 'yarta ta kai ta bikin masu sana'ar hannu a wata gunduma, ko ranta ya yi sanyi. Wata rumfa ta cika da baƙi 'yan birni, ana rububin sandunan dogarawa masu sheƙi, kowace a murɗe tun daga sama har ƙasa. Delphia ta ɗauki ɗaya, ta taɓe baki, ta ce aikin inji ne, ita ba a yi mata wayo.

"Inji? Haba Mama!" in ji budurwar da ke tsaron rumfar. "Mai-zuma ake dasawa a gindin miƙaƙƙen itace, a naɗa shi da hannu, a yi ta lallaɓawa har ya nutse. Kakana ne gwanin. Kaka Arvil, fito, ga mai saye!"