Dami Ashirin Bayan Rai

"Sarki yana ba ni hatsi, Sada. Me zan yi da naka?" in ji Mani, tsohon mayaƙi.

Sada falke ya ce, "Na sarki iyakarsa ranka, Baba. Ba ni dami ɗaya duk kaka, bayan ranka iyalinka su karɓi ashirin."

Mani ya yarda.

Shekarar da aka yi yunwa, hatsin sarki bai iso garinsu Batsari ba. Jikokin Mani suka koma cin tafasa. Da mahara suka zo, Mani ya riga samari fita yana ɗingishi. Kibiyar farko ta kayar da shi matacce.

Sada ya kawo dami ashirin cif. Tasalla, matar Mani, tana shara ta ɗaga tabarmar mijinta. Ga layunsa na tsari duka, waɗanda shekara talatin bai taɓa cirewa ba.