Murafan Lemo a Ajin Malama Suwaiba

Malama Suwaiba ta zazzage murafan lemo a kan tebur, 'yan aji uku suka kewaye su.

Aikin ba shi da wuya. Murfi a kife ɗaya ne, a buɗe sifiri. Ana jera su layi-layi, sai a ƙara murfi guda a ƙarshen kowane layi, na kwance da na tsaye, don kifaffun su tashi bibbiyu, kada wani ya rage. Idan aka juya murfi ɗaya, layin kwance ɗaya da na tsaye ɗaya za su lalace, inda suka haɗu kuwa nan ɓarnar take. Da irin wannan dabara, in ji ta, waya ke gane saƙo ya lalace a hanya.

Yaran kan yi aikin ne a ƙungiya, suna gardama. Wannan gardama ce shugaban makarantar, a can Gubuchi, ya kira hayaniya har ya kai ƙara. Shi ya sa aka turo mai duba makarantu, Alhaji Ashafa. Sharaɗin a fili yake: in yaran suka kasa, za a karɓe ajin lissafi daga hannunta.

Alhaji ya iso bayan azahar, a gajiye, makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Yaran suka durƙusa suka gaishe shi. Ya ce Malama ta koma bakin ƙofa, kada ta yi musu ishara. Yaran suka juya baya don ya juya murfi guda.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana faɗa da wani a kan takin da ba a kai masa gona ba. Da ya kashe, sai ya ce, "To, na juya. Ku nemo."

Suka duƙufa. Ƙungiyar Bilya ta bi layukan kwance, ta Zulai ta bi na tsaye. Suka yi musaya, suka sake bi. Babu gardamar da aka saba ji. Zulai, wadda ba a taɓa riga ta amsa ba, ta buɗe baki, ta kalli furfurar Alhaji, ta sunkuyar da kai.

Alhaji ya dubi agogo. Ya ce dama ya sani, wasan yara ne. Bai nemi a nuna masa komai ba, bai kuma tambayi dalilin shirun ba. Wanda ya san aikin duba aji ba ya yanke hukunci haka, kuma wajibi ne a dawo a warware wannan. Har yau ba a dawo ba. An karɓe ajin, Malama Suwaiba tana can tana lura da masu shara.

A ranar dai, bayan motar ta tafi, Malama ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ba ta da ƙarfin yi. Ta ɗauko ledarta za ta kwashe murafan, sai Zulai ta riƙe mata hannu.

"Malama, ki ƙirga tukuna. Duk layukan daidai suke. Bai juya ko ɗaya ba, mu kuwa yaya za mu ce wa sa'an babanmu ba gaskiya ya faɗa ba?"