Akuyar Baba Tanko

Ina aji uku aka kawo majigi garinmu Mabai. Washegari da la'asar na raka kakana, limamin unguwarmu, gidan Baba Tanko, Bamaguje. A hanya na ba shi labarin fim ɗin: ɗan sanda da ɓarawo sun zama aminai har tsufa. Na yanke hukunci cewa ƙarya ce.

Tun safe akuya ke ɗaure, iyalin gidan na mita. In Baba Tanko ya yanka da hannunsa, kakana ba zai ci ba.

Baba Tanko ya miƙo wa kakana wuƙa. "Malam, ka kusa kashe mu da yunwa."

"Wa ya hana ka yankawa, Tanko?"

"In ci da wa?"

Yanzu su biyun duk sun rasu. Na sha karatu, amma har yau ban iya jiran kowa haka ba.