Ragowar Ruwan Alwala

Tsohon ya rantse shi ya riga kowa ganin saiwar ta ruɓe, tun ganyen yana kore shar.

Matar ɗansa ce ta tuge masa yakuwarsa daga balko, barandar benensu a Rillieux can ƙasar Turawa, ta ajiye wata shuka mai kaurin ganye a tukunya, abin da ya rage mata daga gidan marigayiya uwarta a Damagaram.

"Baba, wannan 'yar hamada ce, ba ta son ruwa. Don Allah a bar ta."

Shi za a koya wa ƙishi? Shi da fari ya cinye garkensa kaf, ya bar shi tsaye?

Da sanyi ya wuce, furen wardin maƙwabta ya buɗe, sai ta ɗaga tukunyar. Shukar ta zube mata a hannu kamar dafaffiyar kabewa. Ta durƙusa tana kiran Inna.

"Pardon, yi haƙuri, tausayi ne irin na tsofaffi," in ji mijinta. "Ragowar ruwan alwala yake ba ta."

Tsohon ya jira har ɗan nasa ya fita, sannan ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Wane tausayi, ɗiyata? Boko ne ban yi ba, amma na san makashin ɗan hamada. In kina musu, kawo wata."