Ƙwaƙwalwa Ta Huɗu

"Madam, kwamfutar nan lafiyarta ƙalau," in ji mai gyaran da ta ɗauko daga Kakuri. "Ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, uku na aiki. Ta huɗun kuwa, da gangan wani ya hana ta."

Manhajar da ke ciki tana ara wa masu binciken cutar sikila ƙarfin kwamfutocin gidaje ne, a raba musu lissafi kowacce ta yi nata. Tun da suka binne ɗansu mai sikila matar take ganin duk ƙwaƙwalwar da ta zauna haka nan, ɗan wani take cuta. Da ta ga ɗaya ba ta aiki, ta zargi ɗauke wuta, ta sayi sitabilaiza, ta share fanka, duk a banza.

"In sake ta? Dannawa ɗaya ce."

"Dakata," in ji mijinta daga bakin ƙofa, ko rigar coci bai cire ba. "Ni na ware ta. Idan duka huɗun suna lissafi, sai wasan motar da yaronmu ke yi a kwamfutar ya riƙa tsayawa, ya yi ta kuka. Shi ne na bar masa ɗaya."

Ta dubi allon. Layuka uku suna ta hawa da sauka, na huɗun yana kwance a miƙe, kamar gadon ɗansu da har yau take gyarawa kowace safiya.

Mai gyaran ya ɗage yatsansa, yana jiran ta.

"Bar ta, ɗana," ta ce wa mai gyaran a hankali. "Da mai ita."