Fassarar da Tafinta Ya Yi a Kwance

Tsohon tafintan kotu yana kwance rigingine, hannuwansa a harɗe bisa ƙirji, idanunsa a rufe. Ko takalmansa ba a samu sukunin cirewa ba. Sauran gadajen da ke jere a zauren babu kowa a kansu.

Uwargidansa na tsaye ta wajen kansa, 'yarsa da surukinsa ta wajen ƙafafu. Burinsu guda ne, wato ya tashi daga gadon nan da ƙafafunsa, al'amarin da ya gagara tun bayan la'asar.

Wani jami'i sanye da farar taguwa ya zo ya dubi agogonsa, ya yi wa surukin magana ƙasa-ƙasa da Turanci, ya wuce. Kalma ɗaya uwargida ta tsinta, imminent, ta nemi a gaya mata gaskiya kada a ɓoye mata komai. Surukin ya sunkuyar da kai ya ce ma'anarta abin ya kusa.

Wannan fassara ta kasuwa ita ta motsa leɓen dattijon. Ba tare da ya buɗe ido ba, ya bayyana cewa kusa iri-iri ce, domin gyaran titin unguwarsu ma tun yana saurayi ake cewa ya kusa. Ita wannan kalma ta imminent, in ji shi, an tanade ta ne domin abin da ya riga ya tsaya a bakin ƙofa, kamar hadarin da ya haɗu ya yi baƙi, ko hukuncin da alƙali ya gyara murya zai yanke. Mai ilimi ba ya ɓarnatar da ita a kan nunar abinci. Akasari abin da rai ba ya so ne, kuma babu ɗaukaka ƙara.

"To Baba, tunda haka ne a daure a yunƙura," in ji surukin.

'Yar ta rufe fuska da mayafi. Masu fita suna waiwaye suna girgiza kai.

"Malam, ka dubi girman Allah ka tashi," uwargida ta ce. "Kada ka yi mana haka a bainar jama'a."

Ya amsa cikin natsuwa cewa tun da ya yi ritaya ƙashin bayansa bai ɗanɗana hutu irin wannan ba. Ya roƙi a ƙyale shi, kuma kada jikoki su taɓa masa ƙamus.

Aka fara kashe fitilun zauren ɗaya bayan ɗaya. Numfashinsa ya yi nauyi. Surukin ya jijjiga kafaɗarsa, ko motsi bai yi ba.

Uwargida ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyara masa hula, ta juya ta ce wa mai gadin wurin ya rufe kantinsa kawai tunda lokacin rufewar da aka ce ya kusa ya yi, da safe za ta zo ta ɗauke shi tare da katifar da aka ce ya ɗan hau ya gwada.