Gwangwanin da Ya Makara

Ranar Litinin Malama ta jera gwangwanaye talatin da biyu a bakin tagar aji uku, kowanne cike da ƙasa. Umarninta ɗaya ne: kowa ya ɗebo iri daga kicin ɗin gidansu ya shuka, a ga yadda tsiro yake fitowa.

Da ƙyar ta kai ƙarshen bayanin. Wata uku ke nan ba ta gane kanta. Maƙogwaro a bushe, ido dishi-dishi, sai ta tsaya gaban allo da alli a hannu ta rasa me ta zo rubutawa. Rannan har kujerar da babu kowa a kai ta daka wa tsawa.

Hedimasta bai ɓoye mata ba, ya ce in aka ƙara, ta nemi wani aikin. A asibiti an ce gajiya ce. Mijinta kuwa, bawan Allah, ko cokali ya hana ta ɗagawa a gida, har ya fara zancen a kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa. Tsoro take ji sosai, kada dai haukacewa take yi.

Kwana huɗu, wake ya fasa ƙasa. Masara ta biyo baya, sai gyaɗa. Yara suka dinga awo da rula suna ihu. Gwangwani ɗaya ne ko alamar tsiro babu, na wata 'yar siririya da ajin ke kira Shiru-shiru.

"Tsakuwa ta shuka!" in ji yara, suna dariya.

Sai da aka kusa sati uku abin ya leƙo. Da ya yi ganye kuma, bai yi kama da na kowa ba, ga wani wari marar daɗi.

Wata rana, lokacin hutun tara, tsohon da ke ba fulawowin makaranta ruwa ya tsaya a tagar. Ya murza ganyen, ya shinshina, ya yi maza ya goge yatsunsa a wando.

"Malama, wa ya kawo wannan cikin yara? Zaƙami ne fa! 'Ya'yansa kaɗan a abin sha, mutum ya fara ganin abin da babu. In aka yawaita kuwa, sai dai wani ba shi ba."

Ran Malama ya ɓaci. Wannan kaɗai ya isa Hedimasta ya kore ta yau ɗin nan. Ta kuma tabbata a juji yarinyar ta tsinto shi, don ta san sarai babu irin wannan abu a gidansu. Ta sa aka kira ta, ta rufe ƙofa.

"Daga ina na ce a ɗebo iri?"

"Daga kicin, Malama."

"To ke me ya kai ki juji?"

"Daga kicin ne, Malama."

"Ƙarya kike! Ni za ki raina wa hankali?"

Ta ɗauki rula. Shiru-shiru ta ja baya har ta jingina da allo, ta fashe da kuka. Cikin ruɗewa ta manta da dokar da aka kafa mata tun aji ɗaya, cewa a makaranta Malama ake cewa.

"Wallahi Mama, a kwalbar da Baba yake ɓoyewa saman kabad na ɗiba, wanda yake daka miki a shayi kullum da safe."